Digirin Aikin Jinya: A Bakin Gado Ake Sanin Darajarsa

Duk wanda ya taɓa kwana a babban asibitin gwamnati a ƙasar Hausa ya san masu jinya. Su ne ke shimfiɗa tabarma a baranda, ga fulas ɗin ruwan zafi, ga kwanon koko, ga buta. Inna ce, ko goggo, ko ƙanwar miji, ta bar gidanta ta zo ta tare a gefen mara lafiya. Ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki, ita ke gudu kantin magani idan an rubuta takarda. Da aka zo raɗa wa sana'ar nas suna da Hausa, sai aka ari kalmar nan tata aka ce ma'aikaciyar jinya. Sunan ya dace ta wata fuskar, amma ya zo da wani tunani da har yau bai saki mutane ba, wato aikin nas jinyar goggo ce aka sanya wa fararen kaya, aka ƙara mata allura da ƙarin ruwa. Mai irin wannan tunani idan ya ji yarinya za ta shafe shekara biyar a jami'a tana karatun jinya, abin da zai fara tambaya shi ne: me za a koya mata har na shekara biyar?

Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, musamman yanzu da karatun jinya ya shiga sahun kwasa-kwasan da ɗalibai suka fi rububinsu a jarrabawar JAMB, jami'o'in gwamnati da masu zaman kansu kuma suke rige-rigen buɗe sashensa. Amsar gida biyu ce. Na farko, digirin yana da amfani na haƙiƙa, irin wanda ake ƙirgawa da rayukan marasa lafiya. Na biyu, amfanin ba ya fitowa sai an koyar da mai digirin a kan gado tun tana ɗaliba, an ajiye ta a bakin gadon bayan ta gama, kuma marasa lafiyar da ke hannunta ba su fi ƙarfinta ba. Najeriya ta kama gida na farko da hannu biyu, ta bar na biyu a ƙasa.

Ƙarfe biyun dare

Likita yakan zagaya ɗakin marasa lafiya da safe, ya tsaya 'yan mintuna a kowane gado, ya rubuta abin da za a yi, ya wuce ɗakin tiyata ko wurin masu jiran layi. Ragowar yini da tsawon dare a hannun nas suke. Idan wani abu zai lalace a jikin mara lafiya, galibi a cikin waɗannan sa'o'in yake lalacewa, kuma ba ya yin sallama.

A ɗauki matar da ta haihu da magariba, aka maido ta gadonta, 'yan uwa suna ta barka da arziki. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma yana da wata irin yaudara. Jikin mace mai ƙuruciya yana iya ɓoye asarar jini mai yawa: jijiyoyi su tsuke, zuciya ta ƙara sauri, na'urar awon jini ta ci gaba da nuna lamba mai kyau har sai abin ya yi nisa. Alamun farko ƙanana ne. Bugun zuciya ya tashi daga 80 zuwa 110. Ƙishirwa ta dame ta, ta kasa kwanciya wuri ɗaya, tafin hannunta ya yi sanyi, fitsari ya ragu. Mahaifar da ya kamata a ji ta da tauri a wajen cibiya ta saki ta yi laushi.

Goggo za ta ce gajiyar haihuwa ce. Ma'aikaciyar da aka koya wa cike takarda kawai za ta rubuta 110 ta wuce gado na gaba. Wadda ta san dalilin da ya sa bugun ya tashi alhali awon jinin bai faɗi ba, ita ce za ta haɗa alamun nan wuri guda, ta ɗaga zane ta duba, ta murza mahaifa, ta yi allurar da ke tsuke ta, ta buɗe hanyar ƙarin ruwa, sannan ta kira likita ta gaya masa halin da ake ciki da kalmomin da za su tashe shi daga barci ya taho da gudu. Tsakanin waɗannan ma'aikata biyu akwai rabin sa'a, kuma a wannan ciwo rabin sa'a ya ishi mutum ya rayu ko ya mutu.

Masu nazarin asibitoci sun daɗe da lura cewa matsala bayan tiyata ko haihuwa tana faruwa a kowane asibiti, mai kyau da marar kyau. Inda asibitoci suke bambanta sosai shi ne ko akwai wanda zai gan ta da wuri ya yi abin da ya dace. Idon da ke yin wannan ganin, dare da rana, idon nas ne. Shekaru biyar ɗin nan na jami'a, idan an yi su yadda ya kamata, wannan idon ake ginawa: ƙirar jiki da yadda gaɓoɓinsa ke aiki, sinadaransa, ƙwayoyin cuta, yadda magani ke shiga jini da yadda magunguna biyu ke faɗa da juna, halayyar ɗan Adam, lafiyar al'umma, da kuma yadda ake karanta bincike a gane mai ƙarfi da mai rauni.

Daga makarantar asibiti zuwa jami'a

Tsarin da Najeriya ta gada daga Turawan mulki ya samo asali ne daga makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas na Landan a 1860: makaranta a jikin asibiti, ɗaliba tana koyo tana aiki, kamar yaron maƙeri a gindin zuga-zugi. An kafa hukumar kula da aikin jinya ta ƙasa a 1947, a 1979 kuma aka haɗe ta da ta ungozomomi suka zama hukuma ɗaya, wadda har yau ita ke shirya jarrabawar ƙwarewa da bayar da lasisi. Makarantun jinya na shekara uku da suka fito daga wannan tsari su ne suka riƙe asibitocin Arewa tsawon shekaru, kuma sun yaye ma'aikata masu hannu, waɗanda ke samun jijiyar jariri a cikin duhu da fitilar wayar salula. Raunin tsarin yana wani wajen. Takardar da yake bayarwa lasisin aiki ce, ba ta da gurbi sosai a tsanin karatun jami'a, kuma mai riƙe da ita takan kai wani mataki a aikin gwamnati ta tarar da rufi a kanta.

Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe sashen jinya a 1965, domin ma'aikatan da suka riga suka ƙware su zo su yi digiri su zama malamai da shugabannin asibiti. Jami'ar Ife ta biyo baya a shekarun 1970 da digirin da ɗalibi ke shiga kai tsaye daga sakandare. Arewa ta makara. Sai a ƙarshen shekarun 1990 Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta buɗe nata sashen, daga baya jami'o'in Bayero a Kano, Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Maiduguri da wasu suka bi sahu.

A yau ɗalibar da ta shiga ta hanyar JAMB shekara biyar take yi. Shekarar farko kimiyya ce zalla, sai ilimin jiki da magunguna, sannan zagayen ɗakunan asibiti: na tiyata, na yara, na haihuwa, na masu taɓin hankali, da zama a cikin al'umma. Iyayengiji biyu take yi wa biyayya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa wadda ke tantance digirin, da hukumar jinya wadda ke shirya mata jarrabawar lasisin nas da na ungozoma tun kafin ta kammala. Bayan digiri akwai shekarar sanin makamar aiki a asibiti, sannan shekarar bautar ƙasa. Shekara bakwai ke nan kafin ta zama cikakkiyar ma'aikaciya, idan malaman jami'a ba su tafi yajin aiki ba. Su kuma tsofaffin makarantun ana ta mayar da su kwalejoji masu bayar da difloma da babbar difloma. Wato ƙasar ta riga ta yanke shawarar ɗaga matakin karatun jinya, kamar yadda Ingila ta yi a 2013 lokacin da ta mayar da digiri sharaɗin shiga aikin ga sababbin ma'aikata.

Abin da alƙaluma suka nuna

Hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan digiri ke riƙe da ita ta fito ne daga binciken Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinta. A 2003 sun buga sakamakon nazarin asibitoci 168 a jihar Pennsylvania ta Amurka, inda suka ga cewa duk lokacin da kason ma'aikatan jinya masu digiri ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari a asibiti, yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 tana raguwa da kashi 5. A 2014 suka maimaita irin wannan aiki a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, da bayanan marasa lafiya fiye da 420,000, aka buga a mujallar Lancet. A can raguwar ta kai kashi 7.

Wannan adadi ne ake yawan ambata a taron yaye ɗalibai. Amma binciken na 2014 ya zo da adadi na biyu, tagwayen na farko, wanda ba a cika jin sa a bakin masu jawabi ba: duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su yana ƙara yiwuwar mutuwa da kashi 7. Masu binciken sun kwatanta asibitoci iri biyu. A na farko kashi 60 na ma'aikatan jinya masu digiri ne, kowacce tana kula da mutum shida. A na biyu kashi 30 ne masu digiri, kowacce tana da mutum takwas. Mace-mace a na farko sun yi ƙasa da na biyu da kusan kashi 30.

Shida da takwas. Mai karatu da ya taɓa shiga ɗakin mata ko na yara a babban asibitin jiha a lokacin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje har a kwantar da yara biyu a gado ɗaya, ya san cewa nas ɗin da ke aikin dare ba mutum shida ko takwas take kallo ba. Ilimin da ke kanta bai ragu ba, amma ido biyu gare ta da ƙafa biyu. Idan tana can ƙarshen ɗaki tana fama da yaron da ke jijjiga, ba za ta ga bugun zuciyar mai jegon da ke tashi a gado na uku ba. Ribar da digiri ya kawo, cunkoso ya cinye ta.

Dole kuma a yi adalci ga alƙaluman. A Amurka da Turai aka tattara su, kuma alaƙa suka nuna tsakanin abubuwa biyu, wadda ba lallai ta zama daidai da haka a Gusau ko Damaturu ba. Sai dai akwai hujja ta gida da ke nuni zuwa wuri ɗaya. A 2023 aka buga sakamakon wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero kuma tana cikin jagororinsa. An ba ungozomomi wata leda mai ma'auni da ke tara jinin haihuwa domin a daina kintace da ido, aka horar da su su ba da magungunan tsayar da jini gaba ɗaya da zarar ma'aunin ya nuna. Mummunan sakamakon zubar jini ya ragu da kusan kashi 60. Abin da ya yi aikin shi ne ma'aikaciya mai horo, da kayan aiki a hannunta, tana wurin a lokacin da abin ya faru. Aikin mai digiri a irin wannan ɗaki shi ne ta karanta binciken, ta gane dalilinsa, ta koya wa na ƙasa da ita, ta riƙa duba ko ana bin tsarin bayan masu binciken sun tattara kayansu sun tafi.

Gurabe sun ninka, gadaje ba su ninka ba

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar cewa guraben ɗaukar ɗaliban jinya a ƙasar sun tashi daga 28,000 a 2023 zuwa 115,000 a shekara. Ninki huɗu ke nan cikin shekara biyu. Niyyar a fili take, kuma ba mai musun cewa ƙasar tana buƙatar ƙarin ma'aikata. Tambayar ita ce wa zai koyar da su, kuma a kan wane gado.

Sashen jinya yana tsaye ne a kan abubuwa uku da kuɗi ba ya samar da su a damina ɗaya. Akwai malamai masu digiri na biyu da na uku, waɗanda renon kowannensu ke cin shekaru. Akwai asibitin koyarwa mai isassun marasa lafiya iri-iri. Akwai kuma ƙwararrun ma'aikata a cikin ɗakunan asibitin, masu lokacin da za su tsaya a bayan ɗaliba suna kallon hannunta. Ɗakin lacca ana iya ninka shi da lasifika. Mace mai naƙuda ba ta ninkuwa. Idan ɗalibai goma sha biyar suka kewaye gadon haihuwa ɗaya, mutum ɗaya ce za ta karɓi jaririn, sauran kallo suka yi, ita kuma mai haihuwar an keta mata sutura. Ɗalibai suna da littafin da ake sa hannu a kan kowane aiki da suka yi da hannunsu. Ranar da yawansu ya fi ƙarfin masu duba su, sa hannun zai koma al'ada, a yaye mai digirin da ta san sunan kowace jijiya amma hannunta yana rawa idan aka miƙa mata allura. A nan ne tsofaffin ma'aikata ke samun abin faɗi, cewa masu digiri turanci suka iya, aikin kuwa sai 'yan makarantar asibiti. Zargin ba gaskiya ba ne a kan digirin kansa, amma yakan zama gaskiya a kan digirin da aka yi shi cikin gaggawa.

Akwai wani ramin da iyaye ba su cika sani ba. Hukumar jinya tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma wanda sunansa bai shiga rajistar hukumar ba ba zai zauna jarrabawar lasisi ba. Makarantar da ta ɗebi ɗalibai fiye da kasonta, ko ta buɗe sashe kafin a amince mata, tana iya karɓar kuɗin makaranta shekara da shekaru, a ƙarshe ɗaliba ta fito da takardar da ba za ta ba ta damar taɓa mara lafiya ba. Uban da ya sayar da gona ya biya wannan karatu ya yi asara biyu.

Ƙofofi uku

A ce komai ya tafi daidai, an yaye nas mai ilimi da hannu. Ƙofofi uku ne ke jiran su fitar da ita daga ɗakin marasa lafiya.

Ta farko filin jirgin sama. A farkon 2024 magatakardan hukumar jinya ya bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Najeriya tana cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai a guji zuwa ɗibar su, amma jerin bai hana mutum neman aiki da ƙashin kansa ba, kuma digiri yana sauƙaƙa wannan nema. Talakan Najeriya ya biya harajin da aka gina jami'ar, jikinsa aka yi koyon aikin a kai, asibitin Birtaniya ko Saudiyya ya karɓi ƙwararriya a shirye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maganin da hukumar ta kawo a watan Fabrairun 2024 shi ne sai ma'aikaciya ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardunta domin fita. Ma'aikatan suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da matakin. Suna da hujja. Wanda ba a ba shi aiki mai riƙe rai ba, kulle masa ƙofa zalunci ne, kuma ba ya ƙara nas ko ɗaya a ɗakin haihuwar da ba a ɗauke ta aiki a cikinsa ba.

Wannan ce ƙofa ta biyu, kuma ta fi ta farko ban takaici: zaman gida. Ƙasar da ke kukan ƙarancin ma'aikatan jinya tana da masu lasisi da ke neman aiki, ko suke yi wa ƙananan asibitocin kuɗi aiki a kan albashin da bai kai na cefane ba, saboda jihohi sukan yi shekaru ba su ɗauki ma'aikata ba, waɗanda suka yi ritaya kuma ba a maye gurbinsu. Ko gurbin shekarar sanin makamar aiki sai an sha wahala kafin a samu. Lokacin da ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, cikin buƙatunta akwai ɗaukar ƙarin ma'aikata, gyara alawus ɗin aikin karɓa-karɓa, da tsara yadda ake tura masu digiri wannan shekarar ta horo.

Ƙofa ta uku tana cikin asibitin kansa, ita ce ofis. A tsarin aikin gwamnati, ƙarin girma ga nas yana nufin nisa da gado. Mai ilimi da ƙwazo ana saka mata da tebur da jadawalin ma'aikata da halartar taro, ko wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ta ta ba ta kwamfuta da mota. Gadon kuma a bar wa sababbin shiga da ɗalibai. Binciken Aiken ma'aikatan da ke kula da marasa lafiya da hannunsu ya ƙirga. Digirin da ke rataye a bangon ofishin shugabar ma'aikata bai shiga lissafin ba.

Ƙorafin da ke da nauyi

Akwai masu cewa duk wannan magana ta 'yan birni ce, Arewa hannuwa take buƙata yanzu-yanzu, ba digiri ba. Suna da alƙaluma a bayansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 ne suka mutu a Najeriya a dalilin ciki da haihuwa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma haihuwar da ƙwararren ma'aikacin lafiya ya karɓa ba ta kai ɗaya cikin biyar ba. Ƙauyen da ba shi da ungozoma ko ɗaya ba zai jira shekara bakwai ba. Kuma 'yar birnin da ta ci makin JAMB mai yawa ta yi digiri, da wuya ta yarda ta zauna a garin da babu wuta, babu ruwa, babu gidan ma'aikata, ga fargabar 'yan bindiga.

Ƙorafin gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce a rufe ƙananan hanyoyin horo a bar digiri kaɗai bai san ƙasar ba. Amma abin da ƙorafin ke nema a zahiri tsani ne. An riga an gwada matakinsa na farko. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta tallafa daga 2012 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, ya fara ne daga lura cewa mata da yawa a karkara ba sa zuwa asibiti, ko mazajensu ba sa barin su, idan namiji ne zai duba su. Sai aka ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, da yardar iyaye da mazaje da masu gari, aka ba su shekarar share fage domin su cike giɓin kimiyyar sakandare, sannan suka shiga makarantun jinya da ungozoma da alƙawarin komawa gida su yi aiki. Hukumar jinya ma tana da horon shekara biyu na ungozomar al'umma domin irin wannan buƙata.

Abin da ya rage shi ne matakan sama. Matar da ta yi shekara biyar tana karɓar haihuwa a asibitin ƙauyensu ita ce ta fi kowa cancantar gurbin digiri, domin an riga an san za ta zauna, gidanta da 'ya'yanta suna can. Ya kamata jami'o'in Arewa su ware mata gurbi, su lissafa mata abin da ta riga ta karanta, jiha ta ci gaba da biyan ta albashi tana karatu. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa da cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello sun buɗe wa masu lasisi hanyar yin digiri suna bakin aiki, kuma wannan hanya ce da ta cancanci a faɗaɗa ta, muddin ba a yi sakaci da horon asibiti ba. Idan kowace ƙaramar hukuma ta samu 'yan tsirarun masu digiri 'yan asalinta da ke duba aikin ungozomomin da ke ƙarƙashinsu, ƙorafin hannuwa da hujjar digiri sun haɗu a wuri ɗaya.

Ma'aunin da ya dace

Abin da ake buƙata daga hukumomi ba boyayye ba ne. A ɗaure yawan guraben kowace makaranta da yawan gadajen koyarwa da malaman da take da su a zahiri, a kuma wallafa alƙaluman kowa ya gani. Jihar da ta buɗe sashen jinya a jami'arta ta sanya kuɗin ɗaukar waɗanda za a yaye a cikin kasafinta tun ranar da aka ɗauke su karatu. A buɗe hanyar ƙarin girma a bakin gado, ta yadda ƙwararriya a ɗakin jarirai ko ɗakin kulawa ta musamman za ta kai albashin darakta ba tare da ta bar marasa lafiyarta ba. A biya alawus na gaske, a gina gida mai tsaro, ga wadda ta yarda ta zauna a karkara. Duk waɗannan kuɗi ne, kuma Najeriya ba ta taɓa kusantar kashi 15 na kasafi da shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware wa lafiya a Abuja a 2001 ba.

Su kuma iyaye, kafin a biya kuɗin rajista, akwai tambayoyi uku da suka fi kyawun ginin makaranta muhimmanci. Shin hukumomin biyu sun amince da sashen? Ɗalibai nawa hukumar jinya ta yarda a ɗauka, kuma nawa aka ɗauka? A wane asibiti ake koyon aiki, kuma makarantu nawa ke turo ɗalibansu can? Makarantar da ta yi nauyin baki wajen amsa waɗannan ta riga ta amsa.

Goggon da ke kwance a baranda tana yin rabin aikin da take yi ne saboda babu isassun ma'aikatan da za su yi shi. Ita ke lura da ruwan da ake ƙarawa idan ya ƙare, ita ke zuwa ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin ma'aikata ta ce numfashin mara lafiya ya canza, sau da yawa bayan lokaci ya ƙure. Gwamnoni za su ci gaba da buɗe sassan jinya, ana yanka ƙyalle ana ɗaukar hoto, kuma buɗewar abu ne mai kyau. Amma ɗan jarida ko ɗan majalisar da ya halarci irin wannan biki yana da tambaya ɗaya da ya kamata ya yi kafin a tashi: a babban asibitin garin nan, daren jiya, ma'aikatan jinya nawa ne suka kwana a ɗakin haihuwa, kuma mata nawa ne a kan gadajen?